Ayyukanku sun yi yawa a shafi baƙo ya kasa gane komai? Ga yadda ake tsara su

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimci tambayarka daidai, kuna da ƙungiya ta masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja, ayyuka sun taru muku a GitHub, shafin da masu kod ke ajiye aikinsu, sun haura goma, kun buɗe shafi a wabsait ɗinku kun jera tambura da sunaye, amma duk wanda ya shiga sai ya dawo gurup yana tambaya "wai wanne zan sauke a ciki?", shi ne kake so ka san ya ake tsara wurin mutum ya gane da kansa ba sai wani ya zauna ya yi masa bayani ba.

To kafin komai kada ku kai kuɗi wajen mai zane tukuna, matsalar ba ta kwalliya ba ce. Shafin nan kun rubuta shi ne da idon wanda ya riga ya san komai, ku kun san wane aiki ne babba, wanne ne wani ya fara lokacin yajin aikin jami'a ya watsar da aka koma makaranta, wanne ne sauran suka dogara a kansa, shi kuwa baƙo tambura goma sha yake gani masu girma ɗaya launi ɗaya kamar duk darajarsu ɗaya. Abin da yake so ya sani bai da yawa: wannan abin me yake yi, akwai mai kula da shi har yanzu ko ya mutu, kuma ina zan danna. Na tsakiyan nan shi ne wanda kusan kowace ƙungiya take kauce masa, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Mu fara da suna. Masu kod suna son suna mai daɗi, ba laifi, amma suna ba ya bayani. Dubi OpenStack, wanda Rackspace da NASA suka fara a 2010, manhajar gina gajimare ce, wato tarin kwamfutocin da ake aiki da su ta intanet, mai sassa da yawa: Nova, Swift, Cinder, Neutron, Keystone, Glance, Horizon. Ɗauki wanda bai taɓa aiki da ita ba ka ce ya nuna maka wanne ne na ajiyar fayil wanne ne na netwok, wallahi sai dai ya yi canke. Nova ke tayar da kwamfutocin, Swift da Cinder ajiya iri biyu ne, Neutron netwok, Keystone shi ke tantance waye kai, Horizon kuma allon da ake sarrafa komai. Neutron ɗin ma da Quantum ake ce masa, a 2013 aka canza saboda rikicin sunan kasuwanci, ka ga wanda ya haddace tsohon suna ya sake shiga duhu. Shi ya sa a takardunsu za ka ga sun saka aikin abin a gaba sannan sunan laƙabin ya biyo baya.

Mutanen GNOME, masu gina fuskar kwamfuta ta Linux, su sun ɗauki hanya mai tsauri, wajen 2012 suka daina nuna wa mai amfani sunan Nautilus, abin sarrafa fayilolinsu, suka koma kiransa Files kawai, burauzarsu Epiphany ta koma Web, tsohon sunan ya rage a cikin kod tsakanin masu rubutawa. Takwarorinsu na KDE ba su yi haka ba, sun bar Dolphin da Okular da Kdenlive da Krita da sunayensu, sai dai a shafin manhajojinsu kowane suna akwai ɗan layi a ƙarƙashinsa da ke cewa wannan na sarrafa fayiloli ne, wannan na karanta takardu ne, wannan na tace bidiyo, wannan na zane. Ni don ƙaramar ƙungiya irin taku hanyar KDE nake ba da shawara, canza suna rigima ce da ba ku buƙata, linkoki su karye mutane su yi fushi, amma layi ɗaya a ƙarƙashin suna ba ya cin komai.

Sai dai layin nan ɗaya ya fi wuyar rubutawa fiye da yadda kake zato. Flathub, kantin manhajojin Linux, a ƙa'idarsu ta inganci suna son taƙaitaccen bayanin kada ya wuce haruffa 35, Play Store kuma 80 suka ba ka. Gwada ka gani. Abin da yawanci ke fitowa daga bakin mai aikin shi ne "manhaja ta zamani mai sauri da aka gina da Flutter da Firebase", wannan bai faɗa wa kowa komai ba, babu wanda ya farka da safe yana neman abin da aka gina da Flutter. Layin ya fara da aikatau: lissafa rabon gado, duba lokutan sallah ba data, mayar da murya rubutu, riƙe lissafin bashin shago. In mai aikin ya kasa faɗin abin da aikinsa ke yi a layi ɗaya, ba shi ya kamata ya rubuta ba, a ba wani ɗan ƙungiya da bai taɓa sa hannu a kod ɗin ba ya gwada manhajar ya rubuta abin da ya ga tana yi, sau da yawa nasa ya fi fitowa daidai. Kalmomin "na zamani", "mai ƙarfi", "mai sauƙi" duk a goge su, kowa haka yake cewa a kan nasa.

Sannan rarrabawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba ayyuka yadda ƙungiya ta rabu a cikin gida, wato na tim ɗin wane da na tim ɗin wane, ko a raba su da yaren kod, ga na Python ga na JavaScript. Wannan rabon ku ya shafa. Masu shigowa shafinku kashi uku ne kusan kullum kuma ba abu ɗaya suke nema ba: akwai mai son ya sauke abu ya yi amfani da shi a wayarsa, bai san GitHub ba kuma ba ya son ya sani, akwai mai rubuta tasa manhajar yana neman laburare, wato kod ɗin da aka riga aka rubuta don wasu su yi gini da shi, ko tarin bayanai da zai ɗora a kai, akwai kuma mai son ya shigo ya taimaka ko ya koyi aiki. In ka haɗa manhajar waya da laburare da kod ɗin wabsait ɗinku kansa a jeri ɗaya, na farkon zai danna laburare ya faɗa cikin shafin umarnin tamina, baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya gudu ba zai dawo ba. Shafin Apps for GNOME da Sophie Herold ta fitar a 2021 kashi uku ya yi: manhajojin asali da ke zuwa da tsarin, na Circle wato na mutanen waje da aka tantance aka karɓa, sai kayan aikin masu rubuta kod daban. Ku kam kashi biyu ma sun ishe ku, "na amfani" a sama, "na masu kod" a ƙasa, shi kenan. Ayyuka goma sha ba sa buƙatar akwatin bincike da matattara da rukuni tara, irin wannan sai ka kai girman gidauniyar manhaja ta Apache mai ɗaruruwan ayyuka. In kana son ganin inda jera tambura ke kaiwa je ka buɗe taswirar CNCF, gidauniyar manhajojin gajimare, ɗaruruwan tambura cunkushe a allo ɗaya har ta zama abin barkwanci tsakanin masu harkar, tana da amfaninta ga wanda ya riga ya san fagen amma ba ƙofar shiga ba ce.

Kuma kada ku jera da abacada don gudun ɓacin ran wani. Na san dalilin da ya sa ake yi, babu mai cewa an fifita wani, to amma sakamakon shi ne aikin da ya fi kowanne amfani yana can ƙasa saboda sunansa ya fara da Z. Ku zaɓi biyu ko uku da kuka fi alfahari da su ku ba su babban wuri da hoto, sauran su biyo a ƙanana. GitHub ma ayyuka shida kacal yake bari ƙungiya ta maƙala a saman shafinta, ba don wasa suka ƙayyade ba.

Yanzu ga babbar maganar, halin da kowane aiki yake ciki.

A cikin ayyukanku goma sha nan, tsakani da Allah, nawa ne in aka kawo rahoton matsala yau wani zai amsa cikin sati biyu? Ban san ƙungiyarku ba amma zan yi mamaki in sun kai rabi, kuma wannan ba abin kunya ba ne, haka aikin sa kai yake a ko'ina, mutum ya samu aiki, ya yi aure, ya tafi bautar ƙasa, sha'awa ta koma wani wuri. Abin da ba daidai ba shi ne a bar matacce a jere da mai rai ba alama, kamar mai kemis ne ya bar maganin da ya yi esfaya a kanta ɗaya da sabo, wanda ya saya ya cutu ba zai ce wannan kwalbar ce ba ta da kyau ba, shagon gaba ɗaya zai daina shiga. Mutum ya sauke manhajarku ta ƙi buɗewa a sabuwar Android, ya rubuta muku shiru wata uku, to ya gama yanke hukunci a kan duk sauran ayyukanku har da masu kyau.

Manyan ƙungiyoyi sun daɗe da gane wannan. Gidauniyar Apache da aka kafa a 1999 tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Ta shiga ita ce Incubator tun 2002, duk aikin da ke ciki dole ya rubuta a shafinsa da jikin abin da ya saki cewa har yanzu yana matakin reno, gidauniya ba ta gama amincewa da shi ba. Ta fita kuma Attic ce, wato ɗakin ajiya, tun 2008, aikin da mutanensa suka watse ana kai shi can, kod ɗin na nan kowa zai iya ɗauka ya ci gaba da kansa, amma an liƙa sanarwa a saman shafinsa cewa ya yi ritaya. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu ba ɗakin ajiyar ba ne, yadda ake sanin lokacin kai aiki can ne: kowane aiki yana kai wa hukumar gidauniya rahoto duk wata uku, kuma ba a sakin sabuwar siga sai mutum uku daga kwamitin aikin sun amince, to ranar da aka nemi mutum uku aka rasa an san inda aka kwana, ba sai an yi gardama a kan ra'ayin kowa ba. CNCF da aka kafa a 2015 ita matakai uku ta yi, na gwaji, na reno, da na waɗanda suka yaye, aikinsu Kubernetes ne ya fara yayewa a 2018, a 2019 kuma suka ajiye wani aikin mai suna rkt a ma'ajiyar tarihi a bainar jama'a duk da sunan da ya yi a baya.

In kana son ganin abin da rashin fayyacewa ke jawowa, OpenOffice, manhajar ofis ta kyauta mai kama da Microsoft Office, ya isa misali. An ɓalle daga cikinsa an kafa LibreOffice a 2010, yawancin masu aikin suka koma can, kamfanin Oracle da ya mallake shi ya miƙa OpenOffice ga Apache a 2011, babbar sigarsa ta 4.1 ta fito a 2014 daga nan sai ƙananan gyare-gyare, amma da yake sunan ya riga ya zauna a bakin mutane aka ci gaba da sauke shi, har a Oktoban 2020 masu LibreOffice suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon a riƙa nuna wa masu zuwa cewa akwai wanda ake ci gaba da ginawa. Ko wane ɓangare ka goya wa baya a rigimar, abin lura shi ne mai saukewa ba shi da hanyar sanin wannan tarihin in shafin bai faɗa masa ba. Log4j kuma, wani laburare na Apache da kamfanoni da yawa ke amfani da shi, ya nuna ɗaya gefen: an sanar da daina kula da siga ta 1 tun Agustan 2015, amma da babbar ɓarakar tsaro ta fashe a siga ta 2 a Disambar 2021 kowa ya shiga binciken me yake amfani da shi, kamfanoni da yawa suka tarar ashe su suna kan ta 1 ɗin da aka binne shekara shida baya. Wato ko ka faɗa ma wasu ba za su ji ba, ina ga ba ka faɗa ba.

Ku ba ku buƙatar tsarin Apache, alama huɗu ta ishe ku: gwaji ne kada a dogara da shi, ana kula da shi, ya kammala gyaran matsala kawai ake yi, an ajiye shi. Akwai wani ɗan shafi repostatus da ya tsara irin waɗannan alamomin har takwas in kuna son ku ara. Amma alamar ba ita ce aikin ba, aikin shi ne ku zauna ku rubuta ƙa'ida tun kafin a taɓa aikin kowa, misali duk aikin da ba shi da mutum ɗaya da ya amsa sunansa a matsayin mai kula, ko aka yi wata shida ba a amsa rahoton matsala ba, zai koma ɓangaren ajiya, kuma duk ranar da wani ya ɗauke shi zai dawo. Dalilin rubutawa tun da wuri kai ma ka san shi: ɗaya daga cikin matattun nan na wanda ya kafa ƙungiyar ne, ko na wani babba da kowa ke jin nauyinsa, babu yaron da zai iya buɗe baki ya ce Malam aikinka ya mutu. In ƙa'ida ce kowa ya sa hannu tun farko to ba mutum ne ya faɗa ba. Kuma kada a goge komai, a yi masa shafi na "ayyukan baya" da sunan waɗanda suka yi shi da shekarun da ya yi yana aiki, a danna maɓallin adanawa na GitHub wanda ke mayar da ma'ajiyar kod ɗin aikin ta karatu kawai ya sa sanarwa a sama, in akwai wani abu da ya maye gurbinsa ko da na wata ƙungiya ne a sa linki. Mutane sun fi yarda a ajiye aikinsu in sun ga an ajiye shi da mutunci.

Wani zai ce to mai zai hana a bar kwamfuta ta yi hukunci, a nuna ranar da aka taɓa kod na ƙarshe kawai. A nuna, yana da amfani, amma kada ya zama shi ne alƙali. TeX na Donald Knuth, abin tsara rubutu don bugawa, shekaru ake yi ba a taɓa shi ba, sigarsa ma lambar pi take bi ana ƙara mata lamba ɗaya a ƙarshe, ta 2021 ita ce 3.141592653, kuma babu mai cewa ya mutu, gamawa ya yi. A ɗaya gefen akwai ma'ajiyar da kullum za ka ga motsi amma bot ne ke sabunta laburare, babu ɗan Adam a wurin. Taurarin GitHub kuwa, wato alamar da mutane ke dannawa in aiki ya burge su, ni da za ku bi tawa kada ku saka su kwata-kwata, aiki mai tauraro tara da ake amfani da shi a makarantu ya fi mai ɗari uku da aka yi wa talla a Twitter rana ɗaya, kuma ƙaramar lamba tana kashe wa baƙo gwiwa ba gaira ba dalili.

Aikin da ya rage mutum ɗaya a kansa ku rubuta cewa ana neman mai taimako, gaskiya ce kuma tana jawo mutane. Sai dai a yi hattara wajen miƙa mabuɗi, abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli, a Maris 2024 kenan, mai kula ɗaya da ya gaji, wani ya shigo ya yi shekaru yana taimako har aka yarda da shi sannan ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse cikin kwamfutocin mutane. Neman taimako daban, ba da ikon sakin siga daban.

To duk wannan in kun yi shi da hannu a cikin HTML, wata shida ya ruɓe. Wanda ya tsara shafin zai shagala, sigar da ke rubuce ta zama ta bara, linkin saukewa ya mutu. Maganin da manya suka samo iri ɗaya ne duk da sunaye sun bambanta: bayanin aiki ya zauna a cikin ma'ajiyar aikin, wabsait ya riƙa ɗebowa. KDE da GNOME suna amfani da fayil ɗin AppStream, ɗan XML ne da ke ɗauke da suna, taƙaitaccen bayani, hotuna, lasisi da tarihin sigogi, fayil ɗaya ne ke ciyar da shafinsu da Flathub da kantin manhaja na cikin kwamfuta, shi ya sa ba sa saɓa wa juna. Apache suna amfani da wani mai suna DOAP wanda kundin ayyukansu ke karantawa. F-Droid ma, kantin buɗaɗɗun manhajojin Android, yana iya ɗaukar bayani da hotuna kai tsaye daga ma'ajiyar manhajar Android. Ku abin da za ku yi mai sauƙi ne, ɗan fayil na YAML a kowace ma'ajiya mai layuka kamar takwas: suna, layi ɗaya na bayani, rukuni, hali, mai kula, lasisi, inda ake saukewa, inda ake kai ƙara. Sai abin gina wabsait irin Hugo ko Jekyll ya gina shafin daga su, GitHub Actions ya sake ginawa kowane dare, a ɗora a GitHub Pages kyauta. In wannan ya yi muku yawa yanzu, fayil ɗaya a ma'ajiyar wabsait mai ɗauke da duka ayyukan ya wadatar, muhimmin abu dai gyara bayanin aiki ya zama canza layi ɗaya ne da mai aikin zai iya yi da kansa ba sai ya roƙi "mai wabsait" ba. Ku ƙara da abin duba matattun linkoki a cikin ginin, yana kama abin kunya da yawa.

Kowane aiki mai rai ya samu shafinsa a wabsait ɗinku, kada katin ya jefa mutum GitHub kai tsaye sai in laburare ne. A shafin, hoton allo na gaske shi ne farko, manhajar tana aiki da bayanai masu kama da na gaske, ba allon shiga ba, ba tambari ba. Maɓallin saukewa ɗaya babba, a rubuta girman fayil kusa da shi da mafi ƙarancin sigar Android ko Windows da yake buƙata. Laburare kuma hotonsa shi ne layi biyar na kod da ke nuna shigarwa da amfani, wanda in an kwafa an liƙa zai yi aiki, ku gwada shi da gaske kafin ku saka. Tarin bayanai a faɗi yawansa, daga ina aka samo, da me aka yarda a yi da shi.

Lasisi kam kada a yi wasa da shi. Kod da aka ɗora a GitHub ba lasisi ba buɗaɗɗe ba ne a doka, mutum zai iya kallo amma ba shi da izinin ɗauka ya yi amfani, kuma duk kamfani ko jami'ar da ta san abin da take yi za ta tsallake shi. Ku bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, kusan tabbas za ku samu wanda ba shi da shi. A rubuta da gajerun sunayen lasisi da aka daidaita a jerin SPDX, MIT ko Apache-2.0 ko GPL-3.0-or-later, ba "kyauta ne ga kowa" ba. Bayanai da rubutu kuma lasisin Creative Commons ne ya dace da su ba na kod ba, muryoyin Common Voice na Mozilla misali, da akwai Hausa a ciki, a CC0 suke.

Tunda da Hausa ka yi tambayar ina ɗauka yawancin masu shigo muku da waya za su shigo, da data da aka saya da lissafi. To ku gina shafin a kan haka, hotuna a matse su, kada bidiyo ya tashi da kansa, jerin ayyukan ya bayyana ko JavaScript bai gama lodi ba, a gwada a ƙaramar waya a inda sabis ke rawa ba a laftof ɗin mai zane ba. In za ku yi shafin da Hausa ku duba salon haruffan (font) da kuka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, yawancin masu kyan gani ba su da su sai ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma ko ya zama akwati, Noto Sans da Andika suna da su. In kun sa bincike ya zama wanda ya rubuta "kasa" zai samu "ƙasa", don mutane ba sa neman ƙugiya a kibod. Harshe biyu kuma nauyi biyu ne, gara ku fassara layin bayani da alamar hali da maɓallin saukewa kawai su zauna daidai kullum, da ku fassara komai sau ɗaya Hausar ta tsaya a sigar shekara biyu baya tana faɗin abin da ya daina zama gaskiya. Saka fassarar a cikin fayil ɗin bayanin nan, kusa da na Turancin, duk mai canza ɗaya zai ga ɗayan.

Akwai tambayar da za ta taso muku ko ba yanzu ba: ɗan ƙungiya ya yi aikinsa na kansa yana so a saka a shafi. Duk abin da ke shafinku baƙo zai ɗauka kun tsaya masa ne, don haka ku raba "ayyukan ƙungiya" da "ayyukan 'yan ƙungiya", na biyun da sharuɗɗa kaɗan a rubuce, lasisi buɗaɗɗe, yana aiki, akwai mai amsawa, kuma a faɗa a sarari cewa mai shi ne ke da alhakinsa. Abin da GNOME Circle ke yi kenan tun 2020, kuma suna cire wanda ya daina cika sharaɗi.

Masu son taimakawa kada a ce musu "ku shigo ku ba da gudummawa" a bar su a nan. Kowane shafin aiki ya nuna ƙananan ayyuka biyu ko uku da sabon shiga zai iya ɗauka, GitHub yana da lakabin good first issue don wannan, da sunan wanda zai duba aikin in an turo. In babu mai dubawa kada a gayyaci kowa, turo gyara a yi shiru da kai ya fi rashin gayyata ciwo.

Kafin ku taɓa zane, ku buɗe takardar Google Sheets ku cika layukan nan takwas ga kowane aiki a zama ɗaya, duk gurbin da aka kasa cikawa ya nuna muku inda matsalar take, musamman gurbin mai kula. In shafin ya tashi ku nemi mutum uku da ba 'yan ƙungiya ba, ɗaya ma wanda bai san kod ba sam, a miƙa masa waya a ce nemo wanda zai yi maka kaza ka sauke, sannan kowa ya kama bakinsa, kada a nuna masa da yatsa kada a ce "a'a ba nan ba". Duk inda ya tsaya yana jujjuya allo a rubuta. In kun canza adireshin shafukan kuma ku sa tsofaffin su riƙa tura mutum sababbin, don linkokin da kuka watsa a gurup-gurup na WhatsApp da Facebook shekarun baya suna nan ana danna su.